Wayoyi suna hawa waifan gida, Nintendo Switch ta ƙi: shin sai an buɗe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo wa yarana na'urar gem ta hannu, Nintendo Switch, ta gwanjo ce da aka shigo da ita daga Amurka. Lokacin da muke amfani da ƙaramar MiFi tana kama waifai ba tare da gardama ba, amma tun da na sayi sabuwar rauta mai ɗaukar layin waya ta daina. Wayoyin gidan da kwamfuta duk suna hawa lafiya lau. Ita kuwa wata rana ba ta ko ganin sunan waifan, wata rana ta gan shi ta ƙi shiga, ta fito da wata lamba mai farawa da 2110. Mai gyara ya ce sai an buɗe ta an sauya kayan waifan da ke ciki. Akwai kuma tsohuwar PSP, wato na'urar gem ta hannu ta kamfanin Sony, a gidan, ita ma ba ta kamawa. Shin in bari a buɗe ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a buɗe ta tukuna. A cikin bayaninka akwai hujjar da ta isa ta sa a dakata, domin ka ce na'urar tana aiki da tsohuwar MiFi, kuma ba ta fara ƙin kamawa ba sai ranar da sabuwar rauta ta shigo gidan. Abin da ya sauya a gidanka ke nan rauta ce, ba Switch ba, don haka can ya kamata a fara bincike. Guntun waifan da ke cikin Switch, wato ƙaramin ɓangaren lantarkin da ke kama waifai, a like yake da dalma a jikin babban allon na'urar, kuma cire shi aiki ne na iska mai zafi da hannu mai natsuwa, wanda idan aka yi kuskure a cikinsa sai a lalata abin da tun farko lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin irin wannan gyaran gangar Auzinawa, kuma yana yi mini ciwo, saboda akasari saitin da bai wuce minti biyar ba ne ya isa ya kashe maganar.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ka ɗauki wayarka ka kunna rabon data, wato abin da aka rubuta Hotspot, ka shiga saitinsa ka zaɓi zangon 2.4 GHz, tsaron kuma ka sa shi a WPA2, sannan ka ba shi suna mai sauƙi da kalmar sirri ta haruffa da lambobi zalla, waɗanda ba su gaza takwas ba. Idan iPhone 12 ce ko wadda ta biyo bayanta, sai ka kunna Maximize Compatibility, domin shi ne yake mayar da ita zangon 2.4. Ka ajiye wayar kusa da Switch, ka danne maɓallin kunnawa na na'urar na daƙiƙa uku har zaɓi ya fito, ka zaɓi Power Options sannan Restart, saboda taɓa maɓallin sau ɗaya barci kawai yake sa ta, ba kashewa ba. Daga nan ka shiga System Settings, ka tabbatar Airplane Mode a kashe yake, ka je Internet, sannan Internet Settings, ka nemi sunan da ka ba wayar. Idan ta gan shi ta hau, to guntunta yana da rai, maganar sauya shi kuma ta ƙare. Sai dai ka kashe rabon datar da zarar gwajin ya kammala, don na'urar da ta daɗe ba ta hau intanet ba, za ta fara sauke sabuntawar wasanni nan take, kuma wasu daga cikinsu suna cin gigabayit da dama.

Kafin ka taɓa komai a rautar, yana da kyau ka san cewa abin da muke kira kama waifai da baki ɗaya matakai ne masu bin juna, kamar baƙon da ya zo gari. Sai ya ga ƙofar gidan, sai ya yi sallama an amsa masa, sai an ba shi masauki, sannan a nuna masa hanyar fita cikin gari. Kowane mataki da irin cutarsa da irin maganinta, kuma wanda ya sauya saitin mataki na huɗu alhali a na ɗaya aka tsaya, wahalar banza ya yi. Switch tana taimakawa a nan, domin yayin da take ƙoƙarin haɗuwa tana nuna hotuna uku a jere, ita kanta, da rauta, da intanet, kuma tana sa alamar kuskure a daidai inda igiyar ta tsinke. Lambar da take fitarwa ma tana da ma'ana, musamman lambobi huɗun da ke bayan 2110, don haka ka riƙa rubuta ta cikakkiya duk lokacin da ta fito. Abin da ka bayyana yana nuna mini cewa matsaloli biyu ne suka haɗu maka, ɗaya a matakin gani, ɗaya a matakin shiga.

Mu fara da ranakun da ba ta ganin sunan kwata-kwata, waɗanda a cikinsu lambar da ta saba fitowa ita ce 2110-1100. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo ya san akwai zango, kuma a cikin kowane zango akwai tashoshi. Haka waifai yake. Switch, tun wadda ta fito a watan Maris na 2017, tana jin zango biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. A zangon 2.4 ƙasashen Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka suna amfani da tasha 1 zuwa 13, amma a Amurka kayan gida sun tsaya ne a tasha 11, kuma na'urorin da aka ƙera don kasuwar can a kan haka ake ɗaure su. Rautarka kuwa ta zo ne da zaɓin tasha a kan Auto, wato duk lokacin da ta tashi sai ta saurari iska ta zaɓi tashar da ta ga ba cunkoso. A gidan da wuta ba ta ɗaukewa, rauta takan yi watanni a kan tasha guda. A gidajenmu da ake ɗauke wuta a kawo, a koma janareta a dawo, rautar tana iya tashi sau huɗu ko biyar a yini, kuma kowane tashi sabon zaɓi ne. Yau ta sauka a tasha 6, Switch ta gan ta, gobe ta sauka a 13, wayoyin da aka saya a nan su ci gaba da aiki, ita kuwa baƙuwar Amurka ta zama kamar kurma. Wannan shi ne mafi kusancin dalilin wannan “wata rana ta gani, wata rana ba ta gani” da ka ambata.

Na taɓa zuwa wani gida a kan irin wannan ƙorafi, na tarar an riga an kai na'urar wurin gyara sau biyu, har an sauya mata wayar eriya. Na zauna a tabarma da kwamfutata a cinya, yaron gidan yana riƙe da na'urar a gefena, na buɗe shafin rautar na ga tana kan tasha 13. Na mayar da ita tasha 6, na ce masa ya sake nema, kafin in ɗago kai sunan waifan ya bayyana a saman jerin da cikakkun sanduna uku. Rautar da na'urar ba su motsa daga inda suke ba ko da taku ɗaya.

Yadda za ka yi haka shi ne ka juya rautar ka karanta takardar da aka manna a ƙarƙashinta, inda za ka ga adireshin shiga, wanda akasari yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da suna da kalmar sirrin mai kula da rauta, wadda ta bambanta da kalmar sirrin waifai. Ka rubuta adireshin a burauzar wayar da ke kan waifan, ka shiga, ka nemi sashen saitin waifai. Ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka sauya wani abu a cikinsa, kuma ka riƙa sauya abu ɗaya ka gwada kafin ka taɓa na biyu, in ba haka ba ko da ta gyaru ba za ka san abin da ya gyara ta ba. A zangon 2.4 ka cire Channel daga Auto ka kafe shi a 1 ko 6 ko 11, domin waɗannan ukun ne ba sa hawa kan juna, faɗin tashar kuma ka bar shi a 20 MHz. A zangon 5 ka zaɓi 36 ko 40 ko 44 ko 48, waɗanda kusan kowace ƙasa ta amince da su. Tashoshin da ke tsakanin 52 da 144 waifai yana raba su ne da na'urorin rada na yanayi da na jiragen sama, rauta takan yi tsalle ta bar su idan ta ji motsin rada, kuma ba kowace na'ura ce take ganinsu ba. Ka duba kuma ko an kunna Hide SSID, wato ɓoye suna, domin magidanta da yawa suna yin haka don gudun maƙwabta, sannan su manta. Ɓoye suna ba ya ƙara wani tsaro na a zo a gani, kuma yana tilasta maka rubuta sunan da hannu a kowace sabuwar na'ura.

Akwai wani saiti a sababbin rautoci da ake kira Smart Connect ko Band Steering, wanda yake haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, rautar ta riƙa tura kowace na'ura inda ta ga dama. Ina ba ka shawara ka kashe shi, ka ba kowane zango sunansa daban, don ka san a kan wanne Switch take. Zangon 5 ya fi sauri kuma ya fi ƙarancin cunkoso, amma ba ya jure bango. Ginin bulo da siminti, ballantana rufin kankare da aka zuba da rodi ko ƙofar ƙarfe, yana cinye shi tun kafin ya kai ɗaki na biyu, kuma eriyar Switch ba ta kai ta yawancin wayoyin zamani ji ba, shi ya sa waya za ta nuna sanduna a ɗakin yara ita kuwa ta rasa. Idan a falo ɗaya suke da rautar, zangon 5 ya fi, idan kuwa akwai bango biyu a tsakani, ka bar ta a 2.4. Rautar kanta ka ɗaga ta sama a fili, kada ka cusa ta bayan talabijin ko cikin durowa.

Yanzu ranakun da take ganin sunan amma ta ƙi shiga, wato ta yi sallama ba a amsa ba. A nan lambobin da aka fi gani su ne 2110-2003, wadda ke nufin ta kasa ƙulla haɗi da rautar, da 2110-2201, wadda ke nuni ga kalmar sirri. Kalmar sirrin ita ce farkon abin dubawa, kuma waifai yana bambanta babban harafi da ƙarami, sifiri kuma ba harafin O ba ne, don haka ka kunna nuna haruffa yayin rubutawa ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Amma zatona ya fi karkata ga nau'in tsaro. Tsarin WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma ya biyo baya a 2018, shekara guda bayan fitowar Switch. Switch ta asali, da Switch Lite ta 2019, da mai allon OLED ta 2021, dukkansu suna jin WEP da WPA da WPA2 mai AES, amma ba sa jin WPA3, sai Switch 2 ta 2025 ce ta zo da shi. Sababbin rautoci da yawa suna zuwa a kan WPA3, ko a kan gaurayen WPA2 da WPA3. A ƙa'ida gaurayen ya kamata ya karɓi tsofaffi da sababbi, amma a aikace wasu rautocin suna gindaya wani sharaɗin kariya da ake rubutawa PMF, wanda tsofaffin na'urori ke tuntuɓe a kansa, sai a riƙa ce maka kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take. Ka je Security Mode ka zaɓi WPA2-PSK tare da AES shi kaɗai, kada ka zaɓi TKIP, idan kuma ka ga PMF a kan Required ka mayar da shi Optional ko ka kashe shi. Kada wannan ya tayar maka da hankali ta fuskar tsaro, domin WPA2 da doguwar kalmar sirri da ba a iya hasashenta ya wadatar da gida.

Idan hakan bai yi ba, sai ka duba ko ku da kanku ne kuka rufe mata ƙofa. A gidajen da ake tattalin data, maigida ko uwargida sukan buɗe manhajar rauta su toshe duk na'urar da ba su gane sunanta ba, da zaton ta maƙwabci ce, kuma Switch takan fito a jerin ba tare da wani suna mai ma'ana ba, sai dogon layin lambobi da haruffa. Wannan layin shi ne adireshin MAC, kuma za ka ga nata a shafin Internet na System Settings. Ka kwatanta shi da waɗanda ke cikin Blacklist ko MAC Filter na rautar, idan yana ciki ka cire shi. Haka kuma kowace rauta tana da iyakar yawan na'urorin da take ɗauka a lokaci guda. Ƙananan MiFi da yawa a goma suke tsayawa, manyan rautoci sun fi haka, amma akwai inda ake rage adadin da hannu a saiti. Idan gida ya cika da yamma, kowa da wayarsa ga talabijin, wanda ya zo a ƙarshe shi ake bari a waje.

Mataki na uku shi ne masauki, wato adireshin IP da rauta ke raba wa kowace na'ura, kuma idan a nan aka tsaya lambar takan zama 2110-2963. Wani abin da ke jawo wannan shi ne mutane sukan ba sabuwar rauta suna da kalmar sirrin tsohuwar don kada su sake saita wayoyi, dabara ce mai kyau, sai dai Switch tana ajiye saiti ne da sunan waifai, don haka idan an taɓa rubuta mata adireshi da hannu a zamanin MiFi, za ta ci gaba da neman masaukin da babu shi a sabon gida. Maganin shi ne ka shiga Internet Settings, ka zaɓi sunan a cikin waɗanda aka ajiye, ka goge saitinsa gaba ɗaya, ka cire rautar daga wuta na rabin minti, ka mayar, sannan ka haɗa kamar sabuwa. Ka guji tsira allura a ramin Reset da ke bayan rautar, domin wannan yana share komai, har da saitin layin da kamfani ya sa mata.

Idan alamar kuskure ta koma tsakanin rauta da intanet, to an ci rabin yaƙi. Abu na farko shi ne ka tabbatar akwai data a layin, kuma ka tabbatar da hakan da wayar da ka kashe wa datarta, saboda waya takan sulale ta koma kan nata layin ba tare da ta sanar da kai ba, ka ɗauka waifai ne ke aiki. Idan data ta ƙare, wasu kamfanoni suna karkatar da kowace buƙata zuwa shafin sayen sabuwa, Switch kuwa sai ta ce ana buƙatar rajista ko ta kasa kaiwa. Idan akwai data amma lambar ta zama 2110-3127, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobinsu. Ana magance ta ne ta shiga Change Settings na wannan waifan, a mayar da DNS Settings zuwa Manual, a rubuta 8.8.8.8 a na farko da 8.8.4.4 a na biyu, waɗanda na Google ne, ko kuma 1.1.1.1 na Cloudflare.

Amma a nan dole in ja hankalinka sosai, tun da ta gwanjo ce. Yawancin irin waɗannan na'urori da ake sayarwa a kasuwanninmu cike da wasanni, an yi musu kutse ne aka loda wasannin a katin ajiya, kuma masu yin haka sukan toshe hanyar da ke zuwa manyan kwamfutocin Nintendo da gangan, wani lokaci ta hanyar wannan saitin DNS ɗin. Idan ka buɗe ka tarar an riga an rubuta wasu lambobi da hannu waɗanda ba kai ka sa ba, ko kuma ka san an sayar maka da ita ɗauke da wasanni masu yawa ba tare da katin wasa ko asusun saye ba, ka tsaya ka tambayi wanda ya sayar maka kafin ka sauya. Na'urar da aka yi wa kutse idan ta gana da kwamfutocin kamfanin tana iya fuskantar haramci, kuma haramcin a kan na'urar kanta yake sauka, ba a kan asusu kaɗai ba. Alamarsa ita ce lamba 2124-4007 ko 2124-4508. Wadda ta nuna ɗaya daga cikinsu tana kama waifai lafiya, amma ba za ta shiga shagon wasanni ko wasa da mutanen waje ba, kuma babu saitin rauta ko mai gyaran da zai ɗage wannan. Duk mai niyyar sayen ta hannu ya kamata ya gwada buɗe eShop, wato shagon wasannin Nintendo, a gaban mai sayarwa kafin ya miƙa kuɗi.

Akwai mataki na ƙarshe da za ka iya cin karo da shi bayan komai ya daidaita, kuma gara in faɗa maka tun yanzu don kada ka zaci wani sabon lalacewa ne. Idan ka danna Test Connection, za ka ga layin da aka rubuta NAT Type, da harafi A ko B ko C ko D ko F a gabansa. Wasanni da dama na Nintendo, irin su Mario Kart 8 Deluxe, ba sa tara 'yan wasa a babbar kwamfuta ɗaya, na'urorin ne suke magana da juna kai tsaye, don haka dole saƙon wani daga waje ya iya iske taka. Mai A ko B yana haɗuwa da kusan kowa, mai D sai da mai A kawai, mai F kuwa ba ya haɗuwa da kowa, kuma kuskuren da ke biyo baya yakan fara da 2618. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a buɗe ƙofofin UDP a rauta ko a sa na'urar a DMZ, wato saitin da ke buɗe wa na'ura ɗaya duk ƙofofin rautar, kuma tana aiki ga wanda yake da adireshin kansa a intanet. Rautar da ke ɗaukar layin waya kuwa galibi ba ta da shi. Adiresoshin tsohon tsarin IPv4 ba su wuce kimanin biliyan 4.3 ba, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya suke tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Kana iya ganewa da kanka idan ka duba WAN IP a shafin rautar ka kwatanta da Global IP da Switch ta nuna. Idan sun bambanta, musamman idan na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to ƙofar da ta rufe tana wurin kamfani ne, kuma duk abin da ka buɗe a gidanka ba zai kai gare ta ba. Mafita ita ce ka tambayi kamfanin ko suna ba da adireshi na kanka, ko ka gwada wani layin ka ga harafin da zai bayar, ko ka koma intanet na kebul idan ya iso unguwarku. Sauke wasanni da sabuntawa, da wasannin da ke da nasu manyan kwamfutoci irin su Fortnite, duk suna tafiya ko da harafin D ne. Ka tuna kuma tun watan Satumba na 2018 yawancin wasannin saye suna buƙatar biyan kuɗin Nintendo Switch Online kafin a buga su da mutanen waje, wannan kuma ba laifin waifai ba ne.

PSP kuwa labarinta daban ne, kuma rashin kamawarta ba ya nuna komai game da Switch. Na'ura ce ta 2004, zangon 2.4 kaɗai take ji, kuma da tsohon tsarin 802.11b kawai, wanda sababbin rautoci da dama suke zuwa da shi a kashe. A ɓangaren tsaro ma a WEP da WPA na farko ta tsaya, ba ta san WPA2 ba. Tana da maɓallin WLAN a jikinta, a gefen hagu a samfurin 1000, a sama a samfurin 2000 da 3000, wanda dole a tura shi kafin ta nemi komai, samfurin E1000 kuwa an ƙera shi ne ba tare da waifai ba sam. Ba na goyon bayan ka sauke tsaron gidanka gaba ɗaya saboda ita, musamman zuwa WEP, wanda tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, yau kuma aikin 'yan mintuna ne. Idan lallai ana so ta hau, tsohuwar MiFi ɗinka ta fi dacewa, ka sa ta a WPA da gaurayen b/g, ka kunna ta lokacin buƙata kawai. Sai dai ka auna ribar, domin an rufe shagon PlayStation na kan PSP tun 2016, kuma wasan da yara suka fi so, wato biyu su zauna kusa da juna su kara, yana tafiya ne kai tsaye tsakanin na'urorin ba tare da rauta ko data ba. Haka abin yake ga masu Nintendo DS, wadda aka kashe hidimar intanet ɗinta a watan Mayu na 2014, da 3DS, wadda wasanta na intanet ya tsaya a watan Afrilu na 2024.

Saura yanayin da mai gyara zai iya zama da gaskiya. Idan ka yi gwajin wayar nan na farko, wayar tana manne da na'urar, a zangon 2.4 da WPA2, amma jerin ya fito fayau babu sunan kowa, ko na maƙwabta, kuma ka kai ta wani gidan ka ga haka, to cutar tana ciki. Haka nan idan ba ta ganin waifai sai an kusanto da ita taku ɗaya ko biyu daga rauta, wannan alamar eriya ce, kuma ya fi faruwa ga wadda ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta don sauya batir ko fanka. A irin wannan hali ka nemi mai gyaran ya fara duba siraran wayoyin eriya da ke maƙale a allon da 'yan ƙananan maɓallai, domin sukan ɓalle, kuma mayar da su ba ya buƙatar wuta. Sai idan wannan bai yi ba ne za a yi maganar ɗaga guntu, shi ma a hannun wanda ya saba aikin da madubin ƙara girma, bayan ka tabbatar an adana bayanan wasannin yaran gwargwadon yadda zai yiwu. Idan kuma a talabijin suka fi yin wasan, kana iya kauce wa buɗewar baki ɗaya ta hanyar jan kebul daga rauta zuwa mazaunin na'urar, wato abin da ake ɗora ta a kai don haɗa ta da talabijin, domin mazaunin samfurin OLED yana da ramin kebul a jikinsa, na asali kuma yana karɓar ƙaramar adafta ta USB.